Gauraya rawa a labarin yara ko a bar kowace da sunanta?

Masu rubuta labaran ƙananan yara hanya biyu suke bi in zancen rawa ya zo. Wasu gaurayawa suke yi kawai, sai ka ga yarinya a dandali ta ɗauko girgizar koroso ta haɗa da juyin rawar Indiya ta ƙara da tsallen atilogwu na Ibo duk a waƙa ɗaya, yara kam suna so don akwai dariya, kuma ɗan shekara 4 ba ruwansa da asali shi dai a yi tsalle. Matsalar ita ce ya tashi bai san wacce ce tasu ba.

Ɗaya hanyar kuma kowace rawa da mai ita. Misali ɗan Kano ya je hutu Makurɗi ya ga 'yan Tibi na swange, jiki na lanƙwasa a hankali, sanye da zanen nan mai baƙi da fari, su koya masa shi ma ya nuna musu koroso da kacau-kacau a ƙafa. Wannan ta fi wahalar rubutu gaskiya, sai ka yi bincike, in ba ka iya ba labarin ya koma darasin soshiyal. Ni dai ita zan zaɓa wa 'yan firamare, gaurayen a bar wa 'yan nazire.