Wasiƙa daga Jamus: gilashin hoton fuska da ka ce in sayo maka

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka ce har yanzu kana ɗauka da kyamarar fim ɗin nan, Bessa R2, da na bar maka. Ka ce gilashin gaban kyamarar, wato lens, mai milimita 50 yana yi maka komai sai hoton fuska, don haka in nemo maka na 75 ko na 90, wanda ya fi kowanne buɗe ido. Ban sayi komai ba tukuna, kuma da gangan ne. Na zaga shagunan nan Jamus, na leƙa na Japan lokacin da aiki ya kai ni Tokyo watannin baya, kuma abin da na gani ya sa ina so mu yi magana kafin kuɗinka su fita.

Ka san irin kyamararmu ba ta cikin gilashi ake leƙe ba. Tagogi biyu gare ta, kana murɗa zobe har inuwa biyu su hau kan juna, sannan ka danna. Ingancin awon nan ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin tagogin, da kuma girman da tagar leƙe take nuna abu. A Leica M3, wadda ta fito a 1954, tazarar ta kusa milimita 69, tagar kuma tana nuna abu kusan girmansa na ido, wato 0.91. A taka tazarar milimita 37 ce, tagar 0.7. Ka ga ke nan M3 ta ninka taka fiye da sau biyu wajen awo. To, gilashin 90 in an buɗe shi a f/2 (ma'aunin buɗin ido ke nan, ƙaramar lamba ita ce babban buɗi), mutum yana tsaye mita ɗaya daga gabanka, wurin da zai fito tsaf bai kai santimita biyu ba. Na gwada wannan haɗin da kaina a shekarun baya. Fim biyu na wanke, a mafi yawan hotunan kunne ne ya fito sarai, idon da na saita kuwa ya dushe. Abin ya yi min ciwo, don akwai hoton da ba zan sake samun damar ɗauka ba. Gilashin lafiyarsa ƙalau, kyamarar ce ba ta iya auna masa.

Shi ya sa na cire maka Summicron 90 f/2 da Summilux 75 f/1.4 na kamfanin Leica daga lissafi, duk da kyansu. Ban da tsada, suna da nauyi, suna kuma tare kusurwar tagar leƙe.

Tsakanin 75 da 90 kuwa, ka juya ɗan makullin da ke saman kyamarar ka duba layukan iyakar hoto. Na 90 ƙanƙane ne a tsakiyar taga, kamar kan sarki, da ƙyar kake ganin ko mutum ya ƙifta ido. Na 75 ya fi shi sarari. Wasu suna cewa 75 ya yi kusa da 50 da yawa, ba a jin bambanci. Ni ban yarda ba. A hoton kai da kafaɗa bambancin a fili yake, hanci yana komawa daidai girmansa, bayan mutum yana narkewa.

A Japan na fi ganin yawan kaya. A unguwar Shinjuku akwai shagunan kayan hannu da ke hawa na biyu ko na uku na gini, akwatunan gilas cike da tsofaffin gilasan Canon da Nikkor masu murɗawa, wato waɗanda ake ɗaura su a kyamara kamar sukuru. Kowane gilashi da takardarsa, an rubuta matsayinsa, A ko AB ko B, an kuma faɗi aibinsa ba ɓoye-ɓoye, ko ƙura ce ko hazo ko ƙarce. Mai shago zai bar ka ka ɗaura a kyamararka, ka haska tocila ta baya ka duba. Dole ka duba kuwa, don ƙasar tana da laima sosai, fumfuna tana cin gilashi daga ciki kamar saƙar gizo. Can na riƙe Nikkor 8.5 f/2, wato milimita 85, irin wanda sunansa ya fita duniya bayan mai ɗaukar hoto Ba'amurke David Douglas Duncan ya ɗaura gilasan Nikkor a kan Leica ɗinsa ya tafi da su yaƙin Koriya a 1950. Aiki ne mai kyau, amma ƙarfe ne zalla, nauyinsa zai gajiyar da kai. Matsalar saye a can ita ce in ka hau jirgi, mayar da kaya ya zama wahala, abin da ke kwandon kayan da ba garanti kuwa in ka ɗauka ya zama naka.

Nan Jamus kayan ba su kai na can yawa ba, kuma galibi Leica ne, tunda kamfanin a Wetzlar yake. Amma doka tana bayan mai saye. Ɗan kasuwa in ya sayar maka da kayan hannu, alhakin aibin da ya zo da shi yana wuyansa aƙalla shekara guda, in kuma ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka ba da dalili ba. Kwana 14 sun isa in sa fim, in ɗauka, in wanke, in ga gaskiyar gilashi. Wannan kariyar ba ta shafi sayen hannu da hannu tsakanin mutane ba. Masu gyara kuma gwanaye ne, suna iya daidaita gilashi da kyamara su zama baki ɗaya, sai dai sun yi ƙaranci, yawancinsu dattawa, jira yakan kai watanni.

Akwai biyu da za a yi ta tallata maka. Jupiter-9 na Tarayyar Sobiyet, 85 f/2, kwaikwayon Sonnar na Zeiss ne kuma yana da araha, amma da yawansu a kan ma'aunin kyamarar Contax aka saita su, ba na irin tamu ba, sai su riƙa kuskure a kusa. Tele-Elmarit 90 siriri da aka yi a Kanada kuwa ƙarami ne abin sha'awa, amma an san shi da hazo a gilasan baya, wani lokaci ba ya goguwa.

Abin da zuciyata ta kwanta a kai shi ne Color-Heliar 75 f/2.5 na Voigtländer. Cosina ce ta ƙera shi, kamfanin da ya yi kyamararka. Ba nauyi, yana shiga aljihu, buɗinsa kuma bai fi ƙarfin awonka ba. Mai murɗawa ne, don haka zan haɗo da zoben da zai sa ya zauna a bakin kyamararka, wanda ake kira M. In ka nace sai 90, to M-Rokkor f/4 na Minolta ko APO-Lanthar f/3.5 zan nema.

Kafin nan ka yi min abu ɗaya. Ka ɗaura 50 ɗinka, ka murɗa shi zuwa ƙarshen nesa, ka leƙa wata da dare. In inuwar biyu ba su hau kan juna daidai ba, kyamarar tana bukatar saiti, kuma gara ka aiko ta a gyara a haɗa ta da sabon gilashin gaba ɗaya. Ka sanar da ni abin da ka gani. Ka gaida Inna ƙwarai.

Yayanka