Teksas da Kalifoniya: wane gwamna ya fi ƙarfi?

Malam, tambayar da ka kawo zauren nan biyu ce a haɗe. Ka ce ka ji wai kowace jiha a Amurka tana da nata kundin tsarin mulki, kuma kana son sanin tsakanin gwamnan Teksas da na Kalifoniya wa ya fi iko, tunda su biyun ne aka fi jin muryarsu a labarai.

Ta farkon ba ta da wuya. Gaskiya ne, jihohi 50 ne, kowace da kundinta, ga kuma na tarayya a samansu. Duk ikon da kundin tarayya bai ba gwamnatin Washington ba, bai kuma hana jihohi ba, to na jihohin ne ko na jama'a. Dattawanmu ba za su ji abin baƙo ba, domin a jamhuriya ta farko Jihar Arewa ma tana da nata kundi, daban da na Yamma da na Gabas.

Ta biyun ce mai nama. Idan rubutun kundi kaɗai za a duba, gwamnan Kalifoniya ya fi ƙarfi. Amma ba za ka gane dalili ba sai ka san abin da kowace jiha take tsoro lokacin da ta zauna tsara mulkinta. Teksas gwamna take tsoro. Kalifoniya kuwa 'yan majalisarta ne ba ta yarda da su ba.

Teksas ta ɓalle daga Meksiko a 1836, ta zauna a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta har zuwa ƙarshen 1845 da ta shiga Amurka. A yaƙin basasa ta bi sahun jihohin Kudu masu kare bauta, aka ci su da yaƙi. Kundin 1869, wanda aka rubuta lokacin da sojojin tarayya ke kula da jihar, ya tara iko a hannun gwamna, har alƙalai shi ke naɗawa. Wanda ya hau kujerar, Edmund J. Davis, ya kafa 'yan sandan jiha, ya ɗauki baƙaƙen fata a cikinsu, ya buɗe makarantun gwamnati, ya kuma ƙara haraji. Da ya sha kaye a zaɓen 1873 sai ya ƙi sauka, ya nemi shugaban Amurka Grant ya turo masa sojoji. Grant ya ƙi, shi kuma ya bar ofis a farkon 1874.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wakilai 90 da suka taru a 1875, da yawansu manoma, sun rubuta kundin da ya ɗaure gwamnati hannu da ƙafa: aka rage wa'adin gwamna zuwa shekara 2, aka zaftare albashi, aka mayar da alƙalai na zaɓe, aka ce majalisa ba za ta riƙa zama kowace shekara ba. Wannan kundi na 1876 shi ne ke aiki har yau. Ba zan ɓoye maka ba, fushin da ya haife shi ba na haraji kaɗai ba ne. Akwai ɓacin ran turawan da suka ga bayin jiya suna kaɗa ƙuri'a, wasu ma sanye da kakin 'yan sanda, kuma kundin da kansa ya wajabta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Duk wanda ya ba ka labarin a matsayin gwagwarmayar 'yanci zalla, ya rage maka rabi.

Kalifoniya kuma zinare ne ya haife ta. An gano shi a farkon 1848, shekarar da Meksiko ta miƙa yankin ga Amurka, jama'a suka yi ta kwarara. A 1849 aka rubuta kundin farko a garin Monterey, da Turanci da Sifaniyanci, aka haramta bauta a cikinsa, a 1850 ta zama jiha. Kundin da ake amfani da shi yanzu na 1879 ne, shi ma da tabonsa, domin an cusa masa sassan da suka hana kamfanoni da gwamnati ɗaukar 'yan China aiki. Amma abin da ya ba jihar kamanninta na yau ya zo ne a 1911. A wancan zamani kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya saka majalisar jihar a aljihu, ba a yin doka sai da yardarsa. Hiram Johnson ya ci zaɓen gwamna a 1910 da alƙawarin korar kamfanin daga siyasa, shekara na zagayowa aka sa makamai uku a hannun masu zaɓe: su kawo doka da kansu, su soke wadda majalisa ta yi, su yi wa duk wani zaɓaɓɓe kiranye.

Yanzu jera su ka gani.

Majalisar Teksas tana da sanatoci 31 da wakilai 150. Zamanta na ƙa'ida sau ɗaya ne a shekara biyu, kuma ba ya wuce kwana 140. Albashin ɗan majalisa dala 7,200 ne a shekara, sai alawus na kwanakin zama. Ta Kalifoniya tana da sanatoci 40 da wakilai 80, tun 1966 aikin ya zama na cikakken lokaci, albashin ya haura dala 120,000, amma ba wanda zai wuce shekara 12 a cikinta. Mutanen Teksas suna alfahari da tsarinsu, suna cewa ɗan majalisa ya koma gida ya rayu a ƙarƙashin dokar da ya yi. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ni tana damuna. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ba za su iya barin aiki na kusan wata biyar a kan dala 600 a wata ba. Kujerar sai ta zama ta lauyoyi da masu kamfanoni da waɗanda suka riga suka tara.

A ɓangaren zartarwa, dukansu biyu ba gwamna ke zaɓen manyan abokan aikinsa ba. Mataimakin gwamna da antoni janar da mai kula da asusun jiha, kowa da ƙuri'arsa ya hau, gwamna ba ya iya korarsa. Ta wannan hanya Kamala Harris ta zama antoni janar ta Kalifoniya daga 2011 zuwa 2017. Inda suka rabu shi ne nauyin mataimakin. A Kalifoniya aikinsa kaɗan ne. A Teksas kuwa shi ke shugabantar majalisar dattawa, shi ke naɗa kwamitoci, shi ke tura kowane ƙudiri inda ya ga dama, ƙudirin da bai so ba yakan mutu ba a ko tattauna shi ba. Shi ya sa masana da yawa suka daɗe suna cewa kujerar da Dan Patrick ke kai tun 2015 ta kai ta gwamna nauyi, ko ma ta fi. Kasafin kuɗi ma haka. A Kalifoniya gwamna ne ke gabatar da shi a watan Janairu, a kansa ake ciniki. A Teksas wata hukumar majalisa ce, wadda mataimakin gwamna da kakakin majalisar wakilai ke jagoranta, take tsara daftarin na shekara biyu, kuma ba ya aiki sai mai kula da asusu ya tabbatar kuɗin suna nan.

Misalin da ya fi fito da bambancin fili shi ne hukuncin kisa. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a takarda ɗaya, ya dakatar da aiwatar da kisa a Kalifoniya muddin yana kan mulki. Gwamnan Teksas, jihar da ta kashe fursunoni sama da 500 tun 1982, ba ya iya sassauta wa kowa sai hukumar afuwa ta ba shi shawarar yin haka. Iyakar abin da zai yi shi kaɗai shi ne ɗage kisan na kwana 30, sau ɗaya.

To me ya sa Gwamna Greg Abbott na Teksas ke da ƙarfin da muke gani? Lokaci ne ya ba shi. Tun zaɓen 1974 wa'adin ya koma shekara 4, kuma Teksas ba ta ƙayyade sau nawa mutum zai yi ba, alhali gwamnan Kalifoniya wa'adi biyu ne ya tafi. Yawancin hukumomin Teksas wasu kwamitoci ne ke tafiyar da su, 'yan kwamitin suna yin shekara 6, ba kuma tare suke sauka ba. Sabon gwamna yakan tarar da mutanen wanda ya gada, amma wanda ya daɗe sai ya cike kujerun duka da nasa. Rick Perry ya yi shekara 14, daga 2000 zuwa 2015, Abbott ya ɗora daga nan. Ƙari a kan haka, gwamna ne kaɗai ke iya kiran zama na musamman, na kwana 30, shi ne kuma ke faɗin abin da za a tattauna. Ƙudirori da yawa a ƙarshen zama suke isa teburinsa, idan ya hau kujerar naƙi bayan an tashi, babu majalisar da za ta dawo ta rinjaye shi.

Gwamnan Kalifoniya kuma, duk ikonsa, akwai wanda ke tsaye a kansa da bulala. Sa hannun kashi 12 cikin 100 na adadin waɗanda suka yi zaɓen da ya gabata ya isa a kira ƙuri'ar kiranye. Haka aka sauke Gray Davis a 2003, Arnold Schwarzenegger ya fito daga cikin 'yan takara 135 ya gaje shi. An gwada wa Newsom a 2021, ya tsallake. Kawo sabuwar doka na buƙatar kashi 5, gyaran kundi kashi 8. Irin wannan ƙudiri da ake kai wa masu zaɓe shi ake kira Shawara, a ba shi lamba. Ta nan ne Shawara ta 13 ta bi a 1978, ta tsayar da harajin gidaje da filaye a kashi 1 na ƙimarsu, ta kuma ce majalisa ba za ta ƙara haraji ba sai da kashi biyu cikin uku. A 1988 wata shawarar ta keɓe wa makarantu kusan kashi 40 na babban asusun jiha. Ka ga gwamna na rubuta kasafi, amma masu zaɓe sun riga sun raba babban ɓangarensa tun kafin ya ɗauki alƙalami. A Teksas babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a matakin jiha. An yi wa kundinta gyara sama da sau 500, amma kowane gyara sai ya fara samun kashi biyu cikin uku a majalisun biyu kafin a kai wa jama'a su ce e ko a'a.

Ina ganin darajar abin da Hiram Johnson ya yi, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane aiki ne na kuɗi, har kamfanoni ake biya su yi shi. A 2020 Uber da Lyft da DoorDash da abokansu sun kashe sama da dala miliyan 200 a kan Shawara ta 22, don kada a ɗauki direbobinsu a matsayin cikakkun ma'aikata, kuma suka yi nasara. Makamin da aka ƙera don korar kamfanin jirgin ƙasa, yau manyan kamfanoni ne suka fi iya ɗaukarsa.

A batun alƙalai kam, ba na jinkirin cewa tsarin Kalifoniya ya fi. Teksas tana da kotunan ƙoli biyu, ɗaya ta shari'o'in farar hula, ɗaya ta manyan laifuka, kowace da alƙalai 9, kuma dukansu da tutar jam'iyya suke tsayawa zaɓe, suna karɓar gudummawar kamfe har daga lauyoyin da za su tsaya a gabansu gobe. A Kalifoniya alƙalan kotun ƙoli 7 ne, gwamna ke naɗawa, wani kwamiti ya tantance, sannan jama'a su riƙa amsa tambaya ɗaya: a bar shi ko a cire shi. Ba kasafai ake cirewa ba, amma a 1986 an cire babbar alƙaliya Rose Bird da abokan aikinta biyu, galibi saboda yadda suke soke hukuncin kisa.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna maka tsarin biyu suna aiki a kan abu ɗaya. Abbott ya kira zama na musamman don sake shata mazaɓun majalisar tarayya yadda jam'iyyar Republican za ta ƙara kujeru biyar. 'Yan Democrat suka fice daga jihar don kada adadin da ake buƙata ya cika, domin majalisar ba ta zama sai da kashi biyu cikin uku na mambobinta. Ya sake kiran wani zaman, suka dawo, taswirar ta wuce. Newsom ya so ya rama da kujeru biyar, amma tun 2010 masu zaɓe suka karɓe wannan aiki daga hannun 'yan siyasa suka ba wani kwamiti na mutum 14. Dole ya koma wurin jama'a ya nemi izini da Shawara ta 50, a watan Nuwamba suka ba shi.