Kafin ka sayi laftof, duba abin da za ka iya kashewa a cikinta

Batiri mai ƙarfin 50Wh (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka) zai yi awa biyar idan laftof na jan wat 10. Ka rage wat biyu kacal, sai ya kai awa shida da kwata. Shi ya sa girman batiri kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, sai an duba waɗanne sassa ne ke shan wuta suna zaune ba aiki.

Babban mai laifi shi ne katin hoto na daban, wato sashen da ke sarrafa hotunan da allo ke nunawa, irin na Nvidia ko AMD. Idan aikinka rubutu ne, intanet da kallon bidiyo, ɗauki mai katin hoto na cikin firosesa, ka huta. Wanda ke buƙatar na daban don wasa ko tace bidiyo, ya nemi laftof mai Optimus, fasahar Nvidia wadda ke kwantar da katin idan ba a buƙatarsa, ko mai maɓallin MUX da ke ba shi damar zaɓa da kansa. Ka kuma tambaya ina mashigar HDMI ta haɗu. A wasu injinan kai tsaye take da katin na daban, da ka jona wani allo sai ya farka.

Kada ka yi saurin kashe katin ta Device Manager, wurin sarrafa sassan kwamfuta a Windows. Direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ne ke sa shi barci, idan ka cire direban daga aiki, a wasu laftof katin kan zauna a kunne yana ɗumi, batiri na zuba.

Nan ne laftof na ofis irin ThinkPad da Latitude suka yi zarra: BIOS ɗinsu, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, yakan bari ka rufe kyamara, na'urar karanta yatsa, ramin katin SD da modem na layin waya ɗaya bayan ɗaya. Masu araha sau da yawa ba su da wannan.

Allo kuwa, mai 144Hz (mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa) ya fi mai 60Hz cin wuta, don haka tabbatar ana iya saukar da shi. Wajen ajiyar bayanai, SSD ta fi faifai mai juyawa sauƙin wuta. Bluetooth da ba a haɗa shi da komai ba, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba.

Idan ta hannu ce za ka saya, buga powercfg /batteryreport a Windows ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage.