Katunan tarihin nan da na saya wa yara, da yadda Dumso ta shiga sahun su Nkrumah

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta, ɗinki ya hana. Ku da kuke ta tambayata kan katunan nan da wata yarinya ta wajen Asawase a nan Kumasi take bugawa, masu hoto a gaba da ɗan taƙaitaccen tarihi a baya, to yau ga amsa. Kuɗin kun riga kun sani ba sai na faɗa ba. Ni babban kwalin na ɗauka mai kati 40, na ƙara na kati ɗaya na musamman, na tura mata kuɗin ta MoMo, wato ta waya, ranar Litinin ta ce Laraba zai zo, bai iso unguwarmu Aboabo ba sai wata Asabar ɗin, shi ma sai da ɗan pragiyan, mai babur mai ƙafa uku, ya kira ni sau huɗu yana neman gida. Wannan na yafe.

Abin da ya sa na saya ma abin kunya ne. Babban ɗana yana JHS, ƙaramar sakandare, ya san sunan kowane ɗan ƙwallo har da lambar rigarsa, amma ranar nan yana tambayata wai Yaa Asantewaa matar Nkrumah ce? Yaron da aka haifa a Kumasi fa, garinta Ejisu ga ta nan motar haya ɗaya. Na ce a'a, dogon hutun nan ba zai ƙare a waya ba.

Katunan kala uku ne, kore na mutanen tarihi, ja na jaruman tatsuniya, ruwan ɗorawa na dabbobi. Takardar tana da kauri, auta ya zuba wa Mansa Musa koko na goge bai yi komai ba.

Amma ni maganar Dumso ce ta kawo ni.

Waɗanda suka san gidanmu sun san Dumso, kyanwar Hajiya surukata. A 2015 aka tsince ta, lokacin da wutar nan ta fi zafin iskanci, a kawo yau a ɗauke gobe da jibi, aka ji kuka cikin buhun gawayi a bayan madafa da daddare, aka haska tocila sai ga 'yar mage rabi baƙa rabi fara kamar an raba da zare. Baban yara ya ce ai wannan Dumso ce, yadda ake kiran matsalar wutar nan da Twi, ga ɗaukewa ga kawowa, sunan ya bi ta. Hajiya da farko cewa ta yi a fitar mata da ita, ba ta son gashi a dadduma. Kafin wata biyu ita ke ɓoye mata kan busasshen kifi a gefen zani. Shekara tara suna tare. Kullum kafin ladan ya kira asuba tana bakin ƙofar Hajiya tana kuka, har Hajiya ta daina sa agogo. Da azumin 2024 ta daina cin abinci, kwana uku ta mutu a ƙarƙashin kujerar tsakar gida. Yara suka yi ta kuka, Hajiya ta ce ku rufa min baki kyanwa ce fa ba mutum ba, amma ni na gani da idona sati biyu tana ajiye kwanon nan a inda ta saba.

To da auta ya ji ana iya yi wa dabbar gida kati, ya maƙale min sai an yi wa Dumso. Gaskiya ban ɗauki abin da muhimmanci ba, na tura hoto ɗaya mai duhu da muryata ta minti huɗu ina ta surutu ina taka keke. Washegari sai ga kiran yarinyar. Ta ce Anti yi haƙuri, kunnen da ya yage na dama ne ko na hagu, don a hoton ba ya fita. Na ce na hagu. Ta ce wa ya raɗa mata suna, me take ci, me take tsoro, Hajiya da wane suna take kiranta in ba kowa. Wallahi sai da na ajiye almakashi. Ni kaina ban san amsar ta ƙarshe ba sai da na tambayi auta, ya ce Kaka tana ce mata 'yar gidana.

Ranar da kwalin ya zo bayan la'asar ne duk muna tsakar gida. Katin Dumso na sama, an zana ta da hannu ba hoton aka manna ba, kunnen hagu a yage daidai, kuma tsarinsa sak irin na sauran, yadda aka rubuta wa Nkrumah haka aka rubuta mata. Suna, Dumso. Haihuwa, Aboabo, 2015. Aiki, kama ɓera da tashin Hajiya sallar asuba. Abin da ba ta so, ruwa da ƙarar pragiya. Hajiya ba ta karatun boko, allo ta yi, don haka babban ne ya karanta mata yana wani gyara murya kamar mai labarai a rediyo. Da ya kai wajen aiki ta kwashe da dariya har da tafa hannu, ta ce ashe ma'aikaciya ce ba a biya ta fansho ba. Da ya kai rasuwa 2024 ta ce kai, kyanwa ba ta rasuwa, mutuwa take, ku gaya wa yarinyar nan. Sai ya juya ya karanta layin ƙarshe, inda aka sa wai a gida ana kiranta Dumso amma mutum ɗaya yana ce mata 'yar gidana.

Shiru. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, matar da ko ranar da aka kai Baba, mijinta, makwanci ba a gaban mutane ta yi kuka ba. Ba wanda ya motsa, ni ma na rasa inda zan sa idona sai na hau tattara ƙyallaye. Can ta miƙa hannu ta ce ba ni. Daren nan ta zaunar da jikoki ta ba su labarin Abu Huraira, yadda 'yar kyanwar da yake ɗauka ta zama sunan da duniya ta san shi da shi, da hadisin matar nan da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Yanzu katin na maƙale a madubinta kusa da hoton Baba na Makka. Baban yara ya ce Mma, kusa da Baba kuma? Ta ce ai ya fi shiri da ita a kan ku.

Da a daren nan na rubuta sharhin nan da tauraro biyar zan ba ta har in nemo na shida.

Sai da muka fara bin sauran ɗaya bayan ɗaya. Na farko, haruffanmu masu lanƙwasa. A katuna kusan goma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito sai wani ɗan akwati, matar Gizo ta zama akwati o akwati i, Shehu Usmanu ya zama akwati an Fodiyo. A na Dumso kuwa ba kuskure ko ɗaya, wato ta san yadda ake yi kenan, sauran ne ba ta duba ba kafin a kai wa mai buga takarda. Yaranmu na zango da ma Hausarsu ta baki ce, a sukul, wato boko, Turanci da Twi, a makaranta Larabci, wannan ne karon farko da suke ganin Hausa a rubuce a abin da yake nasu, sai kuma a ba su akwatuna. Na bi da biro na gyara.

Wanda ya ɓata min rai na gaske shi ne na Laika, karyar nan ta titin Mosko da Rasha ta harba sama cikin Sputnik 2 a watan Nuwamba 1957. Yara sun so shi don shekarar da Ghana ta samu 'yanci ce, auta har yana cewa sa'ar Ghana ce. Katin ya ce ta zaga duniya ta dawo lafiya ta tsufa a gida. Babban ya ce Mma wannan ba haka ba ne, ya ɗauki wayata ya duba. Laika ba ta dawo ba, ba a ma yi kumbon don ya dawo da ita ba, zafi ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i, kuma sai 2002 aka fito aka faɗi gaskiyar yadda ta mutu. Waɗanda suka je suka dawo da rai Belka da Strelka ne a 1960. Na ɗauka yarinyar ta haɗa su ne bisa kuskure, na tura mata saƙo cikin lalama. Amsar da ta ba ni ita ce, Anti na sani, yara ne ban so su yi kuka.

Nan raina ya tashi. Da kuskure ne da sauƙi. Yaran da suka haƙa rami da hannunsu a bayan gida suka binne Dumso, su za a ɓoye wa mutuwar kare? Kuma ke da kika kira ni don kunnen kyanwa kada ki sa dama a maimakon hagu. Ga katin Hachiko nan a kwali ɗaya, karen Japan da maigidansa malamin jami'a ya mutu a 1925 shi kuma ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jira har ya mutu a 1935, an rubuta shi yadda yake, 'yata ta tsakiya ta yi hawaye ta share ta ce a sake karantawa. To me ya ci ta?

Daga nan na daina yarda da kwalin gaba ɗaya, na sa babban ya zauna muka bi koraye. A gaskiya yawanci daidai suke. Nkrumah, Nkroful 1909, 'yanci 6 ga Maris 1957, juyin mulki 1966, ya rasu a Romaniya 1972. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, yaƙin kujerar zinare 1900, Turawan Ingila suka kai ta tsibirin Seychelles ta rasu can 1921, ya ga da idonsa yanzu cewa tana yaƙi shekara tara kafin a haifi mijin da ya ba ta. Na Nana Asma'u ya yi min daɗi, 1793 zuwa 1864, an ambaci 'yan taru da jajis ɗin da take turawa ƙauyuka su karantar da mata, da cewa ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma na Sarauniya Amina ta Zazzau an dasa mata shekarar haihuwa kamar an ga takardar asibiti, alhali masana har yau ba su daidaita ko ƙarni na 15 ne ko na 16 ba. Akwai kuma kati na wata kyanwa Mu'izza da aka ce ta Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na nuna wa malamin yara ya ce labari ne da ke yawo amma shi bai gan shi a hadisi ingantacce ba, na cire shi na ajiye daban.

Jajayen ba ni da ƙorafi banda akwatunan. An sa Gizo da Kweku Ananse kusa da juna, yara suka yi ta musu ko ɗan'uwansa ne ko shi ne ya canja suna da ya zo Asante ciranin goro, musamman labarin tulun hikimar da ya rataya a ciki yana son hawa bishiya sai ɗansa Ntikuma ya ce Baba mai da shi baya mana. Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ma a ja ta sa shi, Hajiya ta ce kada mutanen Daura su ji. Auta kuma har yau bai yarda karen Alaska mai suna Togo ba daga Lome ya zo ba.

Ƙorafin Hajiya daban ne, kuma na ga gaskiyarta. Kakanninta fatake ne daga Kano suka zauna Salaga, don haka da aka gama karanta mata arba'in ɗin ta ce ina Alhaji Umaru? Malamin da aka haifa a Kano, ya zo Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi ya yi limanci ya karantar har ya rasu 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci har da ta zuwan Nasara. Ta ce 'yar zango ta sami wurin karen Japan ba ta sami wurin Alhaji Umaru ba, Allah ya kyauta. Na tura wa yarinyar wannan ma, ta ce zai shiga bugu na gaba.

To ku saya ko kada ku saya? In katin dabbarku kuke so, ko na wani tsoho naku, ku yi, a nan hannunta yake, tauraro biyar ba ragi. Babban kwalin kuwa uku zan ba shi, kuma ku buɗe a gaban mai kawowa ku duba akwatunan nan kafin ya tafi, ku kuma zare na Laika. Ta yi alkawarin sake buga min shi da gaskiyarsa kyauta, yau sati uku kenan, saƙona na ƙarshe ta gani ba ta amsa ba. Hajiya kuma jiya take tambayata ko an gyara rasuwar nan ta koma mutuwa, na ce sai an karɓi katin an sake bugawa, ta ce a'a a bar mata kayanta haka.