Man suya a tankin tsohuwar Hilux: yadda na same shi a bazara da hunturu

Duk mai motar gas, wato dizal, a Sakkwato ya san abin da ya same mu tun 2022. Litar da ake saye a wajen naira 300 a farkon shekarar ta haura 700 kafin shekara ta raba, zuwa ƙarshen 2023 kuwa ta tsallake 1,000. Ni da akori-kura nake neman abinci, tsohuwar Toyota Hilux mai injin 3L, ina ɗaukar albasa da kayan masarufi tsakanin cikin gari da Illela. Ribar lodi ta koma gidan mai kusan gaba ɗaya. Wannan ya sa da aka ce mini akwai wani matashi da ke haɗa bayodizal, wato man da ake zuba wa mota a madadin gas, daga man da masu ƙosai da masu soya kifi da awara suka gama amfani da shi, na je na gani. Na yi bazara da damina da hunturu ina saye a wurinsa, shi ya sa nake ganin zan iya cewa wani abu a kai.

A taƙaice man yana aiki, mota tana tafiya, kuma yana rage kashe kuɗi. Sai dai ba kowace mota ba, ba kowane lokaci ba, ba kuma kowace jarka ba.

Yadda yake haɗa shi ba ɓoyayyen abu ba ne, a gabana ya yi. Yana tace man da ƙyalle, ya dafa shi har ruwan da ke ciki ya ƙone, ya bari ya sauko wajen digiri 55. Sannan ya narka sodar da ake yin sabulu da ita a cikin sinadarin metanol, kimanin lita ɗaya ga kowace lita biyar ta mai, ya zuba a duro yana juyawa kamar awa guda. Washegari za ka tarar abin ya rabu biyu. A ƙasa wani baƙin ruwa mai kauri ya kwanta, shi ne gilisarin, a sama kuma mai ne ruwan zuma, tsinkakke. Amfanin duk wannan wahala shi ne kauri. Ɗanyen man girki ya ninka gas kauri kusan sau goma, nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ba ya iya fesa shi yadda zai ƙone sarai. Bayan an cire gilisarin sai kaurinsa ya dawo kusa da na gas.

Matashin yana da wani labari da yake ba duk wanda ya zo da shakka, cewa a baje kolin da aka yi a birnin Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Gaskiya ne, haka aka yi. Amma wancan inji ne na girke mai juyawa a hankali, ba ruwansa da tsallen ramukan hanyar Gwadabawa da buhu talatin a baya.

Na fara da zuba bayodizal kashi ɗaya cikin biyar, sauran gas, daga baya na kai rabi da rabi. Abin da na fara lura da shi ƙarar inji ce. Wannan ƙwanƙwasar da tsohon inji ke yi idan yana sulo ta yi laushi, baƙin hayaƙin da yake bugowa idan na taka totur da lodi ya ragu sosai. Salansar motar kuwa warin suya take fitarwa, har 'yan dako a tasha sukan yi mini ba'a su ce a sammusu. Ta ɓangaren ƙarfi akwai ɗan ragi, domin litar bayodizal ba ta kai litar gas ƙarfi ba, ta gaza da wajen kashi takwas zuwa goma cikin ɗari. A fili ba ka ji, sai an yi lodi ka zo wuce babbar mota, nan za ka ga kana neman giya ta ƙasa da wuri. Mai ma yana ɗan saurin ƙarewa. Duk wanda zai yi lissafin riba ya sa wannan a ciki, in ba haka ba zai yaudari kansa. Matashin yana sayar mini ƙasa da farashin gidan mai da kusan rubu'i, idan na cire ƙarin shan da motar ke yi sai ribar ta ragu, amma tana nan.

Inda na ji haushinsa shi ne maganar filta, domin ya san abin da zai faru bai faɗa mini ba. Ba a daɗe da farawa ba motar ta soma shaƙewa bayan Kware, in taka ta ƙi amsawa. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa gareji. Makanikena ya kwance filtar mai ya fasa ta a gabana, takardar ciki ta toshe da wani baƙin laka mai danƙo. Ya shafa a yatsa ya ce, "Alhaji, wanga ba daga jarka ya hito ba, dattin tankinka ne na shekaru. Man da kaz zuba shi ya wanko shi." Haka abin yake, bayodizal yana narkar da dauɗar da gas ya bari a tanki da bututu, duk ta taru a filta. Sai da aka canza filta fiye da sau ɗaya kafin tankin ya yi fes. Tiyon roba na mayar da mai ma ya kumbura ya fara jiƙewa, domin tsohuwar roba ba ta jure wa wannan mai, aka sa sabo. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma tsayuwa da albasa a rana tsaka a watan Afrilu ba wasa ba ce, kalma ɗaya daga bakinsa da ta sa na ajiye filta a mota.

Matsala ta biyu ita ce ba kullum man ke fitowa iri ɗaya ba. Bayan an raba gilisarin dole a wanke man da ruwa sau da yawa don a fitar da ragowar soda da sabulu, sannan a busar da shi. Idan masu saye suka yi masa yawa sai ya gajarta wankin. Ga gwajin da nake yi yanzu kafin in biya: in zuba mai rabi ruwa rabi a gorar roba, in girgiza, in ajiye. Mai kyau yana rabuwa cikin rabin awa, mai a sama, ruwa garau a ƙasa. Wanda ba a wanke ba sai ya haɗe ya yi fari kamar kindirmo, ya ƙi rabuwa. Irin wannan na mayar masa, kuma in faɗi gaskiya bai yi gardama ba, ya karɓa ya canza. Famfon injekta na Hilux da man da ke bi ta cikinsa yake samun santsi, ruwa ko soda suka shiga sun cinye shi, kuɗin gyaransa kuwa zai haɗiye ribar wata da watanni.

Wannan dalilin ne ma ya sa ban bi masu zuba tataccen man suya kai tsaye ba tare da an sarrafa shi ba. Zafin Sakkwato yana rufa musu asiri, idan rana ta haura digiri 40 man yana tsinkewa, mota ta tashi. Tsofaffin Marsandi masu dogon famfon Bosch, wanda baƙin mai ke shayar da shi, suna jurewa fiye da kowa. Amma a hankali nozul yana yin gawayi, ringi ya kama, man da bai ƙone ba ya gangara cikin baƙin mai ya daskarar da shi. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, ko sarrafaffen ban ba da shawarar a zuba musu na gida ba.

Hunturu ne ya nuna iyakar man. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan man gyaɗa tataccen manja ne, shi masu tuya ke amfani da shi saboda araha, bayodizal ɗin da aka yi da shi kuwa yana fara daskarewa da sanyi ya sauko wajen digiri 15. Asubahin Disamba da Janairu a nan yana kaiwa haka. Jarkar da na bari a waje ta yi gajimare, ƙasanta ya yi gudaji, mota kuma sai an ba ta hita an sake kafin ta tashi. Tun daga nan idan iskar hunturu ta kaɗa nake komawa kashi ɗaya cikin goma, wani lokaci gas zalla, sai Maris in ƙara.

Wurin aikin nasa ma bai kwanta mini ba. Metanol guba ne, yana makantarwa, yana shiga ta fata da numfashi, ga saurin kama wuta, amma yaran da ke taya shi ba safar hannu ba tabarau, a rumfar kwano da ba ta da wadatar iska. Na yi masa magana, ya sayo safar hannu, tabarau har yau shiru.

Samun man shi ne babban cikas. Mai ƙosai ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kai har ya ƙare, wanda ya ragu kuma masu sabulu suna nema. Sabon man girki ya fi gas tsada, haɗa bayodizal da shi asara ce tsagwaronta. Don haka da azumi, lokacin da ake tuya ko'ina, jarkoki suna cika, bayan salla kuma sai ka je sau da dama ka tarar da duro wayam. Matashin ya ce yana son gwada 'ya'yan bini-da-zugu da na dogon yaro, tunda ba cin su ake yi ba, ga dogon yaro ko'ina a garin nan. Na ce masa idan ya haɗa ya fara zubawa a injin ban-ruwa tukuna, ni sai na ga gorar gwaji ta rabu kafin ya shiga tankina.