Wasiƙa daga Faris: unguwa ta gyaru, ni kuma na tashi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali da Inna kuna lafiya. Yaya zafin Garwa? Saƙonka ya iso. Ka ce wani mai kuɗi ya taya gidan Baba na Rumde Ajiya, wai tun da aka gyara filin ƙwallo aka zuba kwalta saboda gasar Afirka ta farkon 2022 idon masu kuɗi ya koma can. Ka kuma tambayi abin da ya sa na bar Faris na koma bayan gari. Bari in fara da na biyun.

Da na sauka a 2009, unguwar Gut Dor aka kai ni, a gunduma ta 18, ƙarƙashin tudun Monmartir, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta arewa. Direban tasi ma sai da ya yatsine fuska da ya ji sunan. A bakin tashar Barbes samari ne birjik suna tallar taba ta bayan fage, da dare kuma 'yan ƙwaya su kwana a matakalar gidaje. Tsofaffin Aljeriyawa sun ce ban ga komai ba, a zamaninsu titin Sharboniyar gidajen karuwai ne, maza na bin layi har waje. Ɗakina yana hawa na biyar, ban-ɗaki ɗaya muke rabawa mu shida, bango yana tsatsar ruwa, ɓeraye kamar su ma suna biyan haya. Amma yuro 300 ne, kuma mai gidan bai tambaye ni takarda ko ɗaya ba.

Abin da ya zaunar da ni shi ne kasuwar Shato Ruj. A titin Dejan babu abin da ban samu ba: kuɓewa ɗanya da busasshiya, kuka, daddawa, manja, banda, goro, har garin gero. Sai dai tsada. Yuro ɗaya sefa 656 ne, lissafa da kanka: kilon kuɓewa na saya yuro 7, kusan jaka huɗu da ɗari shida, abin da Inna za ta cika kwando da shi a babbar kasuwa lokacin damina. Kuma ba ta yauƙi kamar tamu, ta sha sanyin jirgi. Kilishi kuwa kada ma a yi magana, wanda ake sayarwa a ɓoye a leda bai kama ƙafar na gida ba.

Gyaran bai zo rana ɗaya ba. Tun shekarun 1980 hukumar birni take rushe ruɓaɓɓun gidaje tana gina sababbi, wasu na masu ƙaramin ƙarfi, wannan gaskiya ne. A gabana aka hana sallar Juma'a a kan titin Mira a watan Satumba 2011, aka mayar da mu wani tsohon bariki a bakin gari. A 2012 aka ƙaro 'yan sanda. A 2013 aka sake buɗe silimar Louxor, ginin 1921 da ya daɗe a rufe tantabaru na kashi a kai. A 2015 aka buɗe wani katafaren gidan cin abinci mai gilashi daura da ita, ranar nan wani Basanagale maƙwabcina ya ce mini, "Malam, mu fara ɗaure kaya." Na yi dariya. Sai ga kantin Tati, inda duk baƙo yake sayen bargo da tukunyarsa ta farko da jakar nan mai ratsi-ratsi da muke aiko muku da kaya a ciki, an rufe shi a 2021.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Mace tana iya dawowa aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare. An buɗe shagon littattafai, da masu ɗinki na zamani da ke yanka atamfa su sayar wa Turawa riga ɗaya kuɗin buhun shinkafa biyu. Inda nake shan shayi da burodi bashi wajen wani dattijo ɗan Mali, yanzu kofi ne yuro huɗu da rabi, kusan jaka uku, kuma yarinyar da ke miƙo shi ba ta san me ake nufi da "gobe zan kawo" ba. Wannan bashin na fi kewa. Wata biyu na taɓa yi ba aiki, dattijon nan ne ya riƙe cikina, a bayan kwalin sukari yake rubutawa.

Ni kuma wasiƙa ce ta zo. Mai gida ya rasu, magada suka ce za su sayar. Doka ta ba ni wata shida, ta kuma ce ni za a fara yi wa tayi, sai ka ce ina da abin saye. Na nemi wani ɗaki a layin, murabba'in mita 14, aka ce yuro 650, jaka ɗari huɗu da ashirin da shida kenan duk wata, kuma sai albashinka ya ninka haya sau uku, ka kawo takardun biyan albashi da wanda zai tsaya maka. Mu arba'in muka yi layi a matakala, kowa da takardunsa a hammata. Wani ɗalibi ya samu. Yanzu ina Sarsel, wani gari a bayan Faris, da jirgi nake zuwa aiki.

Don kada ka ce kuka kawai na iya: ruwan famfo a nan ana sha kai tsaye, kuma shekara goma sha shida ban taɓa sayen kyandir ba, alhali ku da madatsar Lagdo a gefenku kuna kwana cikin duhu a watan Afrilu. Katin sufuri na wata yuro 88.80 ne a 2025, wurin aiki ya biya rabi, ka shiga jirgi da bas iya son ranka. Ganin likita yuro 30, inshora ta mayar maka da mafi yawa. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya saboda sanyi. Abin da ke da tsada shi ne hannun mutum da wurin kwana: aski yuro 10, rage tsawon wando yuro 10, mai gyaran famfo kuwa tun kafin ya taɓa komai ya caje ka kuɗin tahowa. Da kaina nake aski yanzu, kada ka nuna wa yara hoton.

To batun gida. Mutanen Gut Dor da suka sayar da wuri, ganin kuɗin ya yi musu yawa, yau ko ɗakin girki ba za su iya saya a titinsu ba. Waɗanda suka zauna daram su ne masu takardar mallaka. Gidan Baba har yau takardar saye ce kawai da sa hannun shaidu. Ka ce wa mai tayin magada ba su haɗu ba tukuna, ka je ofishin filaye ka tambayo abin da ake buƙata a fitar da takardar mallaka da kuɗin masu awo. Zan turo jaka ɗari biyu ƙarshen wata. Kada Inna ta ji maganar sayarwa sai na kira ta da kaina ranar Juma'a.

Ƙaninka.