Saunkad mai ƙofa huɗu da Reaper: kwana uku ina ganin makirfo biyu kacal

Kalangu ne ya sa na sayi saunkad ɗin nan, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta. Ƙanena yana waƙar biki, yana da 'yan amshi biyu da makaɗi ɗaya, kuma duk sanda muka ɗauki waƙa a ɗakina a Unguwar Rogo ta Jos da makirfo guda, kalangu ne ke danne kowa. In ka rage shi muryar mawaƙin ma ta bi shi, tunda duk a layi ɗaya suka shiga. Na ce to gara kowa ya samu layinsa.

Mai shagon da na saya a wurinsa, can wajen Taminus, har rantsuwa ya yi min. "Alhaji, jona USB kawai ka fara aiki." Na zo gida na jona makirfo huɗu, fitilun na'urar duk suna kamawa in an yi magana, amma manhajar kyautar da na saba da ita biyu kawai take nunawa. Na uku da na huɗu ko alamarsu babu. Na canza waya, na canza ƙofa a laftof, na goge manhajar na sake saukewa, shiru. Rana ta uku na hau Keke cikin sanyin Disamba na koma shagon, mutumin nan ko kallon na'urar bai yi ba ya ce kayan da aka buɗe kwalinsu ba sa komawa. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin adashen wata biyar ne na zuba.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Jos ne ya warware min. Ya duba ya ce, "Kawu, na'urarka lafiyarta ƙalau, hanyar da sauti ke bi ce matsalar." Ashe hanyar Windows ta yau da kullum bibbiyu ta saba miƙa sauti, hagu da dama. In kana son duk ƙofofin a lokaci guda sai ka bi ta ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, kuma waccan manhajar tawa ba ta zuwa da shi. Ya sauko da direban na'urar, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, daga shafin masu ƙera ta, ya sa min manhajar ɗaukar sauti ta Reaper. Ko datar kirki bai ci ba, ga gwajin kwana 60 ba tare da an rufe maka komai ba.

Da muka buɗe sai ga biyu dai aka sake nuna mana, gabana ya faɗi. Yaron ya shiga Preferences, ya gangara Device, ya zaɓi ASIO. A ƙasa akwai 'yan akwatuna biyu, ɗaya na ƙofar farko, ɗaya na ta ƙarshe, kuma na ƙarshen yana kan 2. Ya mayar da shi 4. Shi ke nan fa. Ya buɗe layi huɗu, ya danna jan maɓallin kowanne, ya ba kowane layi ƙofarsa ɗaya tilo: mawaƙi 1, 'yan amshi 2 da 3, kalangu 4. Kowa ya yi magana sai mitar layinsa ta ɗaga ita kaɗai. Daren nan muka ɗauki waƙa, na ja kalangu ƙasa muryar ƙanena na nan tsaye tangaram. Sai da muka saurara sau biyar. Bafa kuwa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a 128 sautin na tsattsagewa a tsohuwar laftof ɗina, sai muka bar shi a 256, jinkirin bai dami kowa ba.

Amma da aiki ya yi nisa sai na fara jin haushin na'urar kanta. Ƙofar abin ji a kunne guda ɗaya ce, mutum huɗu kuma kowa na son ya ji kansa. Maɓallin wutar 48V ɗaya ne ga duk ƙofofin, alhali makirfon mawaƙin ne kaɗai kondensa, irin wanda ke buƙatar wutar. Sannan da zarar an ɗauke wuta mun tada janareta na jona caja, sai wani gurnani ya shiga duk layukan huɗu. Dole in cire caja mu yi tsere da batir. Duk wannan mai shagon bai faɗa min ko ɗaya ba, shi dai a ba shi kuɗi. Kalangun ma bai daina leƙawa makirfon 'yan amshi ba, don ɗakin ƙarami ne, sai da muka jingina katifa tsakaninsu.

Reaper kam zan biya dala 60 ɗinsu in kwanakin sun cika, sun ci halak. Na'urar tauraro uku na ba ta, kuma abin raba hedifon ɗin da nake nema yanzu a wani shagon zan saya.